Baƙo da Harshen 'Yan Gida

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, ya kwana tare da kai, hantsi na ɗagawa sai ka neme shi ka rasa. Suna kuma cewa baƙonka annabinka, domin su nuna girman haƙƙin da ke wuyan mai masauki. Duka maganganun biyu an gina su ne a kan abu guda, wato cewa ana gane baƙo. Mutumin ƙauye yana gane shi tun daga nesa, ta tafiyarsa da suturarsa, in kuwa ya buɗe baki ya yi sallama to magana ta ƙare, domin harshe ba ya ɓoye asali. To amma yaya za a yi da baƙon da ya iso ƙofar gida yana magana da harshen 'yan gida ba gargada, har ma yana ambaton sunayen da aka saba ji a masallaci da makarantar allo? Irin wannan baƙo shi ne littafin addinin Kirista idan aka fassara shi cikin harshen mutane, aka ɗauke shi aka nufi ƙauyen da kowa da kowa Musulmi ne.

Tambaya ce da ta dace da mu a nan jami'a, inda Musulmi da Kirista ke kwana ɗaki guda, suna kuma nazarin Hausa a aji guda. Shin wanda ya kai littafin ya yi daidai, ko kuwa shisshigi ya yi? Mai garin da ya tare shi a bakin kasuwa ya ce ya juya, kare jama'arsa ya yi ko tauye su?

Kafin a yanke wa kowa hukunci, adalci shi ne a saurari hujjarsa kamar yadda shi kansa zai faɗe ta. Mai kai littafi ya yi imani cewa a hannunsa akwai labarin ceto, kuma ƙarshen Linjilar Matiyu ya ɗora masa nauyin isar da shi ga dukkan al'ummai. A ganinsa, wanda ya san inda rijiya take ya yi shiru alhali maƙwabcinsa na jin ƙishirwa, ba kunya ya yi ba, mugunta ya yi. Wannan hujja ba baƙuwa ba ce ga Musulmi, domin da irinta mai wa'azi ke ɗaura jakarsa a bayan babur ya shiga ƙauyukan Maguzawa. Su kuwa mutanen ƙauyen, abin da suke gani daban ne. A wurinsu addini ba riga ba ce da mutum ke saye shi kaɗai a kasuwa. Da shi ake raɗin suna, da shi ake ɗaurin aure da rabon gado da jana'iza, da shi ake sanin wanda za a ci yankansa. Idan mutum guda ya fita, ba sahun salla kaɗai ke yin giɓi ba, har da aure da gona da zumunci. Saboda haka tsoron dattijon ƙauye ba jahilci ba ne, ya san abin da yake tsoro.

Al'amarin kuma yana da tarihi, kuma tarihin bai fara a ƙasar Hausa ba. Wani Bajamushe ɗan mishan mai suna Schön, wanda ya biyo ayarin binciken kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ne ya fara duƙufa a kan fassarar. Bai taɓa taka birnin Kano ko Katsina ba. Yawancin Hausarsa ya tsince ta ne daga bakin bayin da aka 'yanta, musamman Dorugu, yaro ɗan ƙasar Damagaram wanda matafiyin nan Barth ya tafi da shi Ingila a 1855. Da taimakon wannan yaro aka buga Linjilar Matiyu da Hausa a 1857. A 1900 ne Bishop Tugwell da 'yan rakiyarsa, ciki har da wani matashin likita, Walter Miller, suka isa Kano, Sarki Alu kuwa ya ba su kwanaki ƙalilan su fice masa daga gari. Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, Lugga ya yi alkawarin cewa gwamnati ba za ta tsoma baki a addinin jama'a ba, aka kuma taƙaita shigar 'yan mishan cikin masarautu. Kada mai karatu ya ɗauka son Musulunci ne ya sa; Bature na bukatar sarakuna domin haraji da zaman lafiya, bai kuwa son abin da zai ɓata masa wannan ciniki. Miller dai ya samu ya zauna a cikin birnin Zariya, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa wajen 1929, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda shi ne jagoran fassararsa. An sake sabuwar fassara a ƙarshen shekarun 1970, wasu kuma sun biyo baya. Yanzu littafin ba ya ma bukatar takarda: yana tafiya ta rediyo, da fim, da ɗan katin da ake saka wa wayar hannu, da 'yar na'urar sauti mai aiki da hasken rana, har ya kai ga wanda bai san bihim ba.

A nan ne nake ganin ainihin matsalar take, kuma matsala ce ta harshe, abin da ya shafe mu kai tsaye. Duk wanda ya zauna zai fassara Baibul da Hausa, zai tarar Musulunci ya riga shi zama a cikin kalmomin. Allah, annabi, mala'ika, aljanna, zunubi, tuba, addu'a, sadaka, lahira, Attaura, Zabura, Linjila, Almasihu, duk daga Larabci suka shigo, kuma ta hannun malaman Musulunci, ɗaruruwan shekaru kafin a haifi Schön. Mai fassara ba shi da wata rumbu da zai ɗebo kalmomi in ba wannan ba. Ba na ganin laifinsa a nan ko kaɗan. A ƙasar Malesiya an kai ruwa rana a kan wannan batu, har kotun ɗaukaka ƙara ta hana wata jaridar Katolika amfani da kalmar Allah a 2013, kafin wata babbar kotu ta yanke a 2021 cewa haramcin da gwamnati ta kafa a kan kalmar ya saɓa wa tsarin mulki. Mu a nan Allah ya raba mu da wannan gardama, kuma ya kyautu mu gode. Kiristocin Larabawa da wannan suna suke addu'a, sunan mahaifin Annabi (SAW) kansa, Abdullahi, shaida ne cewa kalmar ta girmi saukar Alƙur'ani. Harshe ba gonar gado ba ce da za a kewaye da shinge. Bahaushe Kirista na Wusasa ko na Malumfashi da Hausa ya sha nono, ba aro ya yi ba.

Sai dai akwai bambanci tsakanin aron kalma don babu wata, da aron kama don kada a gane ka. Mu dubi rubutun ajami. A ƙauye, in aka ga takarda mai haruffan Larabci a ƙasa, ba a tsaya karanta ta ba ake ɗauke ta a soke a jikin danga, don kada a taka sunan Allah. Darajar haruffan ta kai haka. Ko cire ajami daga ƙananan takardun naira da aka yi a 2007 sai da ya tada ƙura, alhali abin da ke rubuce a jiki bai wuce adadin kuɗi ba. To tun zamanin Turawa ake buga sassan Baibul da ajami, har yau kuma ana yi. Hujjar masu yi tana da ƙarfi: dattijon da ya yi makarantar allo ajami ya iya, bai iya boko ba, in ana so ya karanta dole a rubuta masa da abin da ya sani. Na yarda. Amma idan aka ƙawata bangon da zayyana irin ta Alƙur'ani, aka tsara shafukan kamar na littafin wuridi, aka ɓoye sunan waɗanda suka buga, mai rabawa kuma ya naɗa rawani ya bari ana kiransa malam bai gyara ba, to an tashi daga sauƙaƙa karatu an koma farauta. Tsohon da ya karɓa da hannu biyu ya sumbata bai zaɓi komai ba, cinikin biri a sama aka yi da shi.

Abin sha'awa shi ne, wannan damuwa ba ta Musulmi kaɗai ba ce. A tsakanin Kiristoci kansu an yi zazzafar muhawara a kan wasu fassarorin da aka shirya domin ƙasashen Musulmi, inda aka sassauta lafazin "Ɗan Allah" aka musanya shi da wasu kalmomi marasa tada hankali. Majami'u da dama suka ce ba su yarda ba, har aka naɗa kwamitin masana na ƙungiyar Kiristocin bishara ta duniya ya duba aikin Wycliffe da abokan aikinta, kuma a 2013 ya ba da shawarar a riƙa fassara lafazin ɗa da uba da kalmomin da suka fi kusa da ma'anarsu ta asali. A ganina kwamitin ya yi wa ɓangarorin biyu adalci, ko da bai nufa ba. Musulmi da Kirista sun haɗu a kan girmama Annabi Isa (AS), da haihuwarsa ba uba, da tsarkin mahaifiyarsa Maryamu. Sun rabu a kan allantakarsa da gicciye shi. Wannan rabuwa ita ce zuciyar maganar, kuma fassarar da ta lulluɓe ta ta cuci mai karatu, ta kuma ci amanar littafin da take ɗauke da shi. Gara mutum ya ji abin da zai ɓata masa rai a shafin farko, ya rufe in ya ga dama, da a lallaɓa shi har shafi na ɗari.

Lamin Sanneh, masanin nan ɗan Gambiya da ya taso a gidan Musulmi ya koma Kirista, ya kuma koyar a Jami'ar Yale har rasuwarsa a 2019, ya yi wani bayani a littafinsa na 1989 da ke haska wannan wuri. A fahimtarsa, addinin Kirista addini ne mai yarda a fassara shi, domin tun farko ba da harshen da Almasihu ya yi wa'azi aka rubuta Linjila ba. Shi ya sa Kirista ke riƙe da fassarar Hausa ya kira ta maganar Allah kai tsaye. Musulmi kuwa, ko da Shaihu Abubakar Gumi ya fitar da aikinsa a 1979, tarjamar ma'anoni aka kira shi, salla kuma da Larabci ake yi. Sakamakon wannan bambanci babba ne ga ƙananan harsuna. Sau da yawa Linjila ce littafin farko da aka taɓa bugawa a harshe, ita ta zo da haruffa da ƙa'idar rubutu da ƙamus. Nupawa, waɗanda mafi yawansu Musulmi ne, sun sami cikakken Baibul a harshensu a 1953 ta hannun Banfield, Fulanin Kamaru kuma a 1983. Ka ƙaddara ƙauyen da bai taɓa ganin harshensa a takarda ba, ran nan sai ga shi, amma a cikin littafin addinin da ba nasa ba. Daɗi da fargaba a ƙwarya guda. Mu ɗaliban harshe da ke amfani da ƙamusun Bargery na 1934 kullum, tsohon ɗan mishan ne ya tattara shi, ba mu da bakin cewa wannan aiki bai amfane mu ba.

Akwai wani abu kuma da ya fi kalmomi nauyi, wato abin da ke rakiyar littafin. A shekarun 1930 gwamnati da sarakuna suka buɗe wa 'yan mishan ƙofa ta hanyar kula da masu cutar kuturta, aka danƙa musu wurare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato. Babu mai gaskiyar da zai raina abin da aka yi a waɗannan wurare. Mutanen da danginsu suka ƙyamace su sun sami masu wanke musu miki, a lokacin da ba kowa ke yarda ya haɗa ƙwarya da su ba. Amma a nan ne tambayar ta fi tsanani. Majinyacin da ke kwance, wanda maganinsa da tuwonsa ke hannunka, idan ka miƙa masa littafi ya karɓa, da me ya karɓa, da zuciya ko da yunwa? Ko kai ba ka gindaya sharaɗi ba, kunya za ta gindaya, domin Bahaushe ya tashi da sanin cewa bakin da ya ci ba ya musu. Ma'aunin da nake ganin ya dace shi ne a duba abin da "a'a" za ta jawo wa mutum. Idan zai iya cewa ba ya so, gobe kuma ya dawo a yi masa allura da fuska a sake, ɗansa ya ci gaba da zama a aji, a ba shi buhun masara kamar kowa a shekarar fari, to an girmama shi. In kuwa "a'a" tana da farashi, to "i" ma ba ta da daraja. Game da yara abin ya fi sauƙin yankewa, domin sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba kowa 'yancin yaɗa addininsa da na sauya shi, shi ne kuma ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da iyayensa ba su amince da shi ba. Wanda ya zagaya bayan uba ya ja yaro da alewa ba shi da mafaka ko a doka ko a al'ada.

Yanzu bari in juyo kan mutanen gari, domin mudu guda ake awo da shi. Musulmin da zai ce kada a kuskura a shigo ƙauyensa da Linjila, ya tuna cewa a farkon Musulunci, lokacin hijira zuwa Habasha, Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya tsaya a fadar Najjashi, sarki Kirista, a gaban limamansa, ya karanta Suratu Maryam, aka saurare shi, aka kuma ba su mafaka. Ya tuna rangadin musuluntarwa da Sardauna ya yi tsakanin 1963 da 1965 a yankunan da ba na Musulmi ba, da masu da'awar da ke shiga ƙauyukan Filato da Kudancin Kaduna da Taraba har gobe. Ba ya yiwuwa ƙofar maƙwabci ta zama a buɗe gare ni, tawa kuma a garƙame gare shi. Suratul Baƙara ta kore tilas a cikin addini, Suratul Ankabut kuma ta umarci a yi jayayya da ma'abota littafi ta hanya mafi kyau. Jayayya kuwa sai da sauraro. Mai gari yana da ikon tambayar baƙo ko shi wane ne, wa ya aiko shi, me ke cikin jakarsa; yana da ikon hana shi kafa lasifika a ƙofar masallaci ko zagin abin da jama'a ke girmamawa. Abin da ba shi da iko a kai shi ne idon baligi da kunnensa. Malamin ƙauyen da ya amince da karatunsa zai karɓi littafin ya duba, ya zaunar da almajiransa ya nuna musu inda aka haɗu da inda aka rabu. Wanda ya tara matasa da sanduna, ya nuna cewa bai amince da abin da ya koyar ba.

Mun kuwa ga inda sanduna ke kaiwa. A watan Maris na 1987, gardama a kan yadda wani mai wa'azi da ya bar Musulunci ya ambaci ayoyin Alƙur'ani a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ta zama wutar da ta ci har Kaduna da Zariya da Funtuwa, aka ƙona majami'u masu yawa da wasu masallatai. A watan Oktoba na 1991, zuwan mai wa'azi Reinhard Bonnke Kano ya jawo asarar rayuka masu yawa. Bonnke ya hau jirgi ya tafi. Waɗanda aka binne talakawa ne na Sabon Gari da na cikin birni.

Wannan ya kawo ni ga nauyin da masu kai littafi ba su cika son a ambata ba. Baƙo raɓa ne, amma wanda ya gaskata shi ɗan gari ne, a nan zai kwana. Shi za a raba da matarsa, shi za a hana gado, shi uwarsa za ta yi wa kuka kamar ya mutu. Laifin wannan ƙunci yana kan masu ƙuntatawa, ba na rage musu komai. Amma wanda ya san haka za ta faru, ya zo ya kunna fitila ya rubuta rahoto ga masu ba shi kuɗi a birni ko a ƙasar waje, ya wuce ƙauye na gaba, shi ma akwai tambaya a kansa. Mafita da aka saba bi ita ce a kwashe sababbin tuba a kai su wani wuri, wannan ma tana da nata tarihin.

A tsakiyar ƙarni na 19, tun kafin wani ɗan mishan ya taka Kano, an yi wani malami a birnin mai suna Malam Ibrahim, wanda nazarin ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa (AS) ya kai shi ga ba shi wani matsayi na musamman. Daga allonsa tambayar ta taso. Kamar yadda tarihin baka da rubuce-rubucen 'yan mishan suka nuna, an kashe shi a kasuwar Kano, mabiyansa da ake kira Isawa suka watsu cikin ƙauyuka, wasu har ƙasar Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iske Miller a Zariya, suka ji Linjila da Hausa, da yawa suka karɓa. Sai aka yanke shawarar tattara su wuri guda, aka kafa musu sabon ƙauye a Gimi, inda za su yi noma da ibada ba mai tsangwama. Niyyar ba ta da aibi. Amma wurin yana da ƙudan tsando, cikin 'yan shekaru ciwon barci ya kashe da yawa daga cikinsu, ƙauyen ya watse. Waɗanda suka tsira suka koma Zariya, daga baya Wusasa, kuma daga zuriyarsu ne aka sami Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975.